Zauren Turanci: Wanne ne "dole", wanne ne "ya kamata"?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Saƙonnin da suka taru a watan nan da yawansu kan abu ɗaya suke, wato 'yan ƙananan kalmomin nan da Bature ke sawa a gaban aikatau, wato kalmar aiki irin su come da go, in zai tilasta maka abu ko zai baka shawara, su must da have to da should da ought to da had better. A littafin nahawu modal verbs ake ce wa yawancinsu, amma ni sunan bai dame ni ba, aikin da suke yi ne yake haɗa mutane rigima. Na tsinto waɗanda naga zasu amfani kowa, wanda bai ga nasa ba yayi haƙuri shafin ne ba yawa. Kamar kullum na cire sunaye.

Daga wani ma'aikacin agaji a Maiduguri:

Malam barka da aiki. Ina aiki da wata ƙungiyar agaji, ogarmu Baturiya ce 'yar Ingila. Ran Laraba muna da taro da masu unguwanni, naga ta gaji ga zafi ga hanyar da nisa kuma mu kaɗai ma zamu iya, sai na tura mata saƙo ta WhatsApp nace "Madam you must not come tomorrow, we will handle it". Wallahi niyyata in hutar da ita ne. Sai ga kiranta cikin dare hankalinta a tashe wai me ya faru, barazana aka yi ne ko mutanen ne suka ce basa son ganinta? Na rasa bakin magana. Dan Allah ina kuskurena yake?

Amsa:

Kai ɗan'uwa, ai dole ta kira ka cikin dare! Kai a ranka "ba sai kin zo ba" kake nufi, amma abin da ya isa wayarta shi ne "kar ki kuskura ki zo". Toh baƙuwa a Maiduguri, ma'aikacinta ya turo mata da daddare cewa kar ta kuskura taje wuri kaza, me kake so ta kawo a ranta in ba maganar tsaro ba? Abin da zaka rubuta shi ne "You don't have to come tomorrow" ko "You don't need to come", in kuma irin na 'yan Ingila tsantsa kake so kace "You needn't come".

Ga inda gizo yake saƙar. Must da have to in babu korewa, wato babu not a jimlar, kusan ɗanjuma ne da ɗanjummai, "you must come" da "you have to come" duk dai dole ka zo. Shi yasa mutum yake zaton in an kore su ma tare zasu tafi, alhali daga nan ne suke hannun riga. A "must not" dolen tana nan daram, zuwan ne aka hana, wato dole ne ka ƙi zuwa. A "don't have to" kuwa dolen ce aka ɗauke maka, zuwan yana hannunka, ka ga dama ka zo ka ga dama kayi kwanciyarka. Abin haushin shi ne mu a Hausa bamu taɓa rikita biyun nan ba, ko yaro ɗan shekara biyar ya san bambancin "kar ka je" da "ba sai ka je ba". Haddar da muka yi tun firamare ce take kada mu, an ce mana must shi ne dole, sai mu kuma muka yi lissafi da kanmu cewa ashe kenan must not shi ne ba dole ba.

Lokacin da nake koyarwa a sakandare na gaji da maimaita wannan bayani, sai wata rana na aro abin da yaran suka riga suka sani daga islamiyya. Nace musu ku ɗauki must a matsayin farilla, must not haram, should mustahabbi, shouldn't makaruhi, shi kuma don't have to abin da aka yi maka rangwame a kansa. Na rubuta jimla biyu a allo, "A traveller doesn't have to fast in Ramadan" da kuma "You mustn't fast on Sallah day". Matafiyi sauƙi aka yi masa, in yaga zai iya yayi azuminsa, in ya sha ya rama daga baya. Azumi ranar idi kuwa hanawa aka yi, babu zaɓi. Tun daga ranar da wuya naga wanda ya sake haɗa su a ajin nan. Malamanmu su yi min afuwa ba fatawa nake bayarwa ba, kwatance ne kawai, kuma ba ko'ina yake zama daram ba don should ɗin Bature wani lokaci ya fi mustahabbi nauyi nesa ba kusa ba, zan zo kan wannan a ƙasa.

Su kansu mutanen ƙasar ogar taka haka suka tsara littafinsu na dokokin tuƙi da suke kira Highway Code. Duk inda kaga MUST ko MUST NOT da manyan baƙaƙe to doka ce, in ka karya laifi ka aikata, ana iya cin ka tara ko a hana ka tuƙi. Inda aka sa should ko should not shawara ce, ƙin binta kaɗai ba laifi bane amma in hatsari ya faru ana iya kafa hujja da shi a kanka a kotu. Kaga mutumin da ya tashi da irin wannan a kunnensa, in ka ce masa must not ba zai taɓa jin sa a matsayin lallashi ba.

Ka je ka same ta ka faɗa mata abin da ka so cewa, na tabbata dariya zata yi. Sannan in zaka furta mustn't, t ɗin farko ba a faɗarsa, "masnt" ake cewa.

Daga wata ɗaliba a Zariya:

Malam ina wuni ya aiki. Ni 'yar aji shida ce a sakandare ina shirin WAEC da JAMB. Malaminmu yace must da have to duk ɗaya ne, yayana kuma da yake jami'a yace ba ɗaya bane amma da nace yayi min bayani sai ya kama kame-kame. Waye mai gaskiya a cikinsu? Sannan meye past tense ɗin must, don na rubuta "Yesterday I must trek to school" aka soke min da jan biro.

Amsa:

'Yata, kowa a cikinsu ya riƙo gaskiya ta ɓangare ɗaya. Abin da yayanki ya so faɗa ya kasa shi ne, littattafan nahawu na Ingila suna cewa ki duba daga ina dolen ta fito. In daga ran mai magana ta fito, shi ya ɗora wa kansa ko shi yake ɗora wa wani, sai yace must. In daga waje aka ɗora masa, doka ce ko makaranta ko likita ko halin da ake ciki, sai yace have to. Kinga in kika ce "I must call my grandmother", ke ce zuciyarki take damunki kin kwana biyu baki ji muryar kaka ba. In kika ce "I have to wear white socks", ba ra'ayinki bane, dokar makaranta ce, wataƙila ma kin tsani farar safar. Shi yasa ƙorafi ya fi zama da have to, kamar yadda muke cewa "ya na iya, an ce sai na yi".

Amma tsakani da Allah wannan bambancin ya fi ƙarfi a takarda fiye da bakin mutane, kuma nan ne malaminku yake da gaskiya. Ba Baturen da zai tsaya ya gyara miki don kin sa ɗaya a wurin ɗaya. Mutanen Amurka ma a hirarsu ta yau da kullum da wuya kiji must, have to ne ko have got to wanda bakinsu ya mayar "gotta". Akwai wani masanin harshe a jami'ar Lancaster, Geoffrey Leech, da shi da abokan aikinsa suka gwada rubuce-rubucen 1961 da na farkon shekarun 1990 na Ingila da Amurka, suka tarar must da shall da ought to suna ta ja da baya, need to kuma tana ta yaɗuwa. Ni a ganina dalilin a fili yake, must tana da ƙamshin mulki, mutanen yanzu kuma kowa baya so a ce yana nuna isa, sai manaja yace "you need to finish this today" kamar don amfanin kanka yake faɗa, alhali umarni ne tsagwaronsa.

Abin da zai ci ki maki a jarrabawa ba wannan bane, siffar kalmomin ce. Must bata da shuɗaɗɗen lokaci, in dolen ta jiya ce had to ake arowa, don haka jimlarki "Yesterday I had to trek to school" ce, jan biron nan yana kan gaskiya. In ta gobe ce "I will have to", babu wani abu wai shi "will must". Dalilin kuwa abin dariya ne, ita must ɗin da kanta a tsohon Turanci na shekaru dubu da suka wuce "moste" ce, shuɗaɗɗen lokacin wata kalma "mot", ita uwar ta mutu ta bar 'yar tana aikin yau, wanda ya riga ya tsufa kuma ba a sake tsofar da shi. Bayan haka must da should basa ɗaukar to a bayansu, "I must to go" da muke ji a tasha da kasuwa kuskure ne, "I must go" ne. Basa ɗaukar s ko da mutum ɗaya ake magana a kai, "she must", "he should", ba "she musts" ba. Kuma basa neman taimakon do a tambaya, "Should I come?" ne ba "Do I should come?" ba. Ita have to kuwa duk tana yin waɗannan domin asalinta aikatau ce kamar kowace, "she has to", "Does she have to?", "she didn't have to". Wani kuma da nake yawan gani a takardun yara shi ne "I must have to go", an haɗa dole biyu wuri ɗaya kamar mai sa hula kan hula, ki zaɓi ɗaya. Allah ya bada sa'a, in sakamako ya fito a sanar da mu.

Daga wani ma'aikacin gwamnati a Kaduna:

Ranka ya daɗe Malam. Na kai wa daraktanmu fayil nace masa "Sir, you should sign this today", ya ɗago ya kalle ni ta saman tabarau bai ce komai ba. Da muka fito abokin aikina yace nayi rashin ladabi, wai da cewa nayi "you had better sign it" don shi ne na girmamawa tunda akwai better a ciki. Ni dai na san should shawara ce ba umarni ba, toh meye laifina?

Amsa:

Allah ya rufa maka asiri da baka bi ta abokin nan naka ba, da yanzu kana can kana amsa takardar tuhuma. Had better ita ce mafi kaushi a duk gidan. Mutane suna ganin better sai su fassara ta da "gara" ko "zai fi kyau", amma ba nan ta tsaya ba, akwai sanda a ɓoye a bayanta. "You had better sign it" ma'anarta ka sa hannu in kana son zaman lafiya, in ba haka ba ka kuka da kanka. Uwa ce take faɗa wa ɗanta, "You'd better be home before your father", ko aboki ya gargaɗi aboki, "You'd better leave now or you'll miss the bus". Mutum yana iya faɗa wa kansa ma ba komai, "I'd better go". Amma ƙarami ya faɗa wa babba? A'a. Kuma had ɗin kar ya ruɗe ka, ba maganar jiya ake ba, ta yanzu ce ko ta anjima, korewarta kuma "had better not", babu to ko ɗaya a ciki.

Mu dawo kan should ɗinka. Nahawunka lafiya lau, matsalar ita ce wa yake ba wa shawara. Ka tambayi kanka, da Hausa kuke magana zaka dubi darakta kace masa "ya kamata ka sa hannu yau"? Ai ko kusa. Cewa zaka yi "ranka ya daɗe, da an samu an sa hannu yau da mun ji daɗi, don gobe ake rufewa". Kaga abin da kayi, ka cire "ka" ka sa "an", ka kawo "da", ka ƙara dalili, duk don kar yaji kamar kana nuna shi da yatsa. Da ka koma Turanci sai ka zubar da duk wannan ladabin ka ɗauko "you should" tsirara. Abin da yake cutar mu shi ne Turanci bashi da "ku" na girmamawa. A da suna da shi, thou ce ta mutum ɗaya, you kuma ta jam'i ce da ta manya, sai wajen ƙarni na 17 thou ta fita daga bakin mutane aka bar you tana hidimar sarki da bawa. Tunda ba zasu iya girmama ka da wakilin suna ba sai suka koma kewaye-kewaye, jimla tana ƙara tsawo ladabi yana ƙaruwa. Don haka gobe kace "Sir, would it be possible to sign this today? The deadline is tomorrow", ko "It might be a good idea to send it today, sir", ko ka shigar da kanka ciki kace "I think we should send it today". Wannan we ɗin shi ne ya fi kusa da "an" ɗinmu, duk da kowa ya san biron a hannunsa yake.

Sai kuma ka kula da juyin abin, wannan na faɗa wa masu shirin tafiya aiki Ingila ne musamman ma'aikatan jinya. In babbarki a asibiti tace "You might want to check that again", kar kice ai cewa tayi in kina so. Ba zaɓi ta baki ba, tashi ki sake dubawa yanzu yanzu. Haka in likita yace wa mai hawan jini "you should cut down on salt", should ce a baki amma a ma'ana ta kusa kai wa farilla. Kunne ne yake gane nauyin, daga wa ya faɗa da kuma abin da zai biyo baya in ba a yi ba.

Tunda muna kan should bari in soko wani abu da ba a tambaye ni ba. Mu 'yan Najeriya mun saba da "He said I should come", "Oga said you should wait", domin a ranmu "yace in zo" muke juyawa. A tsakaninmu kowa ya gane kuma ni ban ɗauke shi zunubi ba, amma Bature yana iya jin sa a matsayin shawara ce aka bayar. In umarni ne kake isarwa, "He told me to come" ta fi fitar da shi. Shi kuwa "should in case" ku taimaka ku rabu da shi, ko "in case it rains" ko "should it rain", ɗaya ta wadatar.

Daga wata malamar firamare a Gusau:

Malam ought to fa? Ina ganinta a littafin da muke koyar da yara amma ban taɓa jin wani ya faɗe ta a baki ba, ni kaina tsoron furta ta nake.

Amsa:

Malama furta ta ba wuya, g da h ɗin duk kurame ne, "ot tu" zaki ce ki ɗan ja wasalin farko. Ma'anarta kusan ɗaya da should, duk inda kika sa ɗaya zaki iya sa ɗayar, sai dai ita tana tafe da to ɗinta kullum, "You ought to visit him". A tambaya da korewa nauyi gareta, "Ought I to go?" ko Turawan ma sun bar wa tsofaffi, sai su koma should. Abin da yake burge ni da ita asalinta ne. Ought a da shuɗaɗɗen lokacin owe ce, wato bashi ya hau kan mutum. Shall ma, wadda should ta fito daga jikinta, a tsohon Turanci ma'anarta ana bin mutum bashi. Kinga kenan a can ƙasan harshen, in Bature yace ya kamata kayi abu, cewa yake ana bin ka shi. Mu ma ai muna cewa "haƙƙi ne a kanka", kuma bashi hanji ne yana cikin kowa. Shi yasa nake jin ought to ta fi zama a maganar zumunci da sanin ya kamata, "You ought to greet your elders". Ki koya wa yara su gane ta in sun gani, a bakinsu kuwa should ta ishe su.

Daga wani ɗan kasuwa a Galmi, Jamhuriyar Nijar:

Salamu alaikum Malam. Ni Faransanci na yi a lakwal, Turanci a hanya nake tsintarsa don ina kai albasa Kumasi. Akwai wani abokin cinikina can, duk sanda na sauka daga mota sai yace "You must be tired", in an kawo abinci yace "You must try this soup". An ce min must dole ce. To shi wane ne da zai tilasta min gajiya, kuma miya ma sai an yi min dole?

Amsa:

Alhaji ka bani dariya, Allah ya kawo kasuwa. Ba dole yake maka ba, must tana da aiki na biyu wanda ba ruwansa da tilas, na hasashe ne mai ƙarfi. Mutumin da ya kwana biyu ko uku a kan buhunan albasa daga Galmi har Kumasi ba sai an tambaye shi ba, "You must be tired" tana nufin "lalle ka sha hanya, ka gaji", sannu da zuwa ce. Kai da kayi Faransanci ma ka fi mu saurin kamawa, domin "tu dois être fatigué" haka take aiki sak, kuma devoir ɗinku, wadda dois ta fito daga jikinta, ita ma bashi ce a ɗaya ma'anar, ka duba amsar da na ba Malama a sama. In abin ya wuce sai ace "He must have left", lalle ya riga ya tafi. Korewar wannan must ɗin a Turancin Ingila can't ce, "He can't be at home, his shop is open", wato ba yadda za a yi yana gida.

Ta miyar kuwa karamci ne, irin namu na "wallahi sai ka ci" da "ba inda zaka sai ka ɗanɗana". Nan ne kaɗai wurin da must ta fi should daɗi a kunne, don in mai masauki yace "you should try it" kamar bai damu sosai ba. Ka ci miyarka. Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai saboda Faransancin, "il ne faut pas" ita ce mustn't, "tu n'es pas obligé" kuma ita ce don't have to, kar ka faɗa ramin da ɗan'uwanmu na Maiduguri ya faɗa.

Daga wata uwargida a Jos:

Malam dan Allah raba mu gardama da maigidana. Ya dawo daga tafiya bai sanar ba ya tarar ban yi girki da shi ba, sai yace "You should have cooked". Nace masa ai should ta abin da za a yi nan gaba ce, in yana so in dafa yanzu sai ya faɗa. Yace ban gane Turanci ba.

Amsa:

Hajiya a nahawu dai maigida ya ci wannan, amma ki tsaya ki ji sauran. In aka haɗa should da have da aikatau irin su cooked, gone, told, an koma baya kenan, ana maganar abin da ya kamata a ce an yi amma ba a yi ba. Ba shawara bace don lokacin shawara ya wuce, zargi ne ko nadama, gidan su "da na sani" wadda Hausawa suka ce ƙeya ce. "I should have listened", da na sani na ji magana. "You shouldn't have said that", bai kamata ka faɗi haka ba amma ka riga ka faɗa. Toh makamin da ya harbe ki da shi yana aiki ta kowane ɓangare, amsarki ita ce "You should have called", da ka bugo waya ai da ka tarar da tuwo. Daga nan kuma ni na zare hannuna, ban shiga tsakanin mata da miji.

Guda biyu na kusa da ita da suke ruɗa mutane. "You needn't have cooked" ana faɗa wa wadda ta riga ta dafa ne sai ya zama ba a buƙata, ta sha wahalar banza. "I didn't need to cook" kuma yawanci ba a dafa ɗin ba tunda an san ba buƙata. Akwai kuma supposed to, ta abin da aka shirya ko ake sa rai, "You were supposed to come on Friday", ai Juma'a muka yi da kai. A nan Najeriya Turancin buroka ya sa muna yanke ta muna cewa "you suppose come", a hira ba laifi amma a rubutu sai da are ko were a gaba, da d a ƙarshe, da to a baya. In kuma kika ga wasu Turawa a Facebook suna rubuta "should of", kar ki kwaikwaya don kinga masu harshen ne, kuskure ne, should've suke ji a kunne sai su rubuta yadda suka ji.

Daga wani ɗan haya a Kano:

Malam a takardar yarjejeniyar hayar shagona an rubuta "The tenant shall pay the rent on or before 1st January". A makaranta an koya mana shall da will na abin da zai zo ne. Kenan cewa aka yi zan biya, ba a ce dole ranar ba ko? Don gaskiya kasuwa ta ɗan yi sanyi.

Amsa:

Ɗan'uwa na so in faranta maka amma ba hali. Shall ɗin makaranta daban, ta lauyoyi daban. A hira kusan ta mutu, sai a tambaya irin "Shall we go?", amma a takardar doka da yarjejeniya ita ce dole mai hatimi. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 cike yake da ita, a sashe na 14 ne aka ce "the security and welfare of the people shall be the primary purpose of government", kuma ba hasashe ake ba, nauyi aka ɗora wa gwamnati, ko tana saukewa wannan kuma maganar wani shafin ce ba nawa ba. A Amurka saboda irin ruɗanin nan naka, ƙa'idojin gwamnatinsu na rubutu cikin sauƙin harshe sun ce a bar shall a rinƙa sa must, amma lauyoyinmu har yanzu suna riƙe da abarsu. Inda aka baka zaɓi a irin takardar nan may zaka gani, ka duba ko akwai ta a wani sakin layi game da ƙarin wa'adi. In babu, tun kafin Disamba ta ƙare ka ɗauki dattijo ɗaya a layinku ku je ku sami mai shagon ku nemi alfarma da Hausa.